Duba-gari a Gaban Surukinsa

Har in bar aikin nan ba na jin zan manta da ranar da duba-garinmu ya cire takalmi a kan dandamali. Ku da kuka zo daga baya kun ji labarin gutsi-gutsi, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Bari ku ji daga bakin wanda ya ja labulen.

A lokacin ina jami'in shirye-shirye a zauren taro na unguwarmu, a Ɗan Iya. Sunan muƙamin ya fi aikin girma. Ni ke raba ranakun amfani da zaure, ni ke jera kujeru, in janareta ya ƙi tashi kuma ni ake harara. Sama da ni akwai kwamitin unguwa. Shugabansa Alhaji Ɗanlami, mai sayar da kayan gini, mutum ne da bai cika yarda da abin da ba a iya lodawa a mota ba.

Tun kafin in fara aiki, yammacin Asabar na masu al'adu ne. Wani mako masu waƙe, wani mako mata su baje ƙore da faya-faye da hulunan da suka ɗinka, ƙarshen wata kuma 'yan wasan kwaikwayo. Sai masu biki suka gano zauren. Alhaji ya kawo shawara a bar musu Asabar, mu koma safiyar Talata, wato lokacin da duk mai zuwa kallo yana wurin neman abinci. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Na yi ta magiya har kwamiti ya yarda zai zo ya kalli wasa ɗaya, sannan ya yanke hukunci.

Damina ta kusa, sai muka zaɓi wasa a kan zubar da shara a kwata. Labarin ba wuya. Wani maigida mai taurin kai yana juye shara a kwatar ƙofar gidansa. Duba-gari, wato jami'in da ke zagawa duba tsabta, ya zo ya wanke shi tas, ya ci kwalarsa, ya ja shi kotu. Duk armashin yana wurin faɗan. Shi ya sa muka ba da matsayin duba-gari ga Sale, wani direban keke daga Ƙofar Ran, wanda in ya daka wa mai mota tsawa har na bayansa sai ya taka birki.

Ran wasan, bayan azahar, aka aiko cewa wanda zai fito a maigida ya tafi ta'aziyya ƙauye. Ina tsaye na rasa abin yi, sai ga Alhaji riƙe da hannun Malam Buba. Dattijo ne, Bafulatani, tsohon malamin firamare. Wasan ma asalinsa nasa ne, da shi yake koya wa ɗalibai tsabta a zamaninsa.

"Ga maigida na samo maka," in ji Alhaji.

Na ja shi gefe. "Ranka ya daɗe, ai surukin Sale ne. 'Yarsa Sale yake aure."

"To sai me? Ba wasa ba ne?"

Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Ga wanda bai taso cikinmu ba, sai in yi bayani. Sale ba ya cin abinci a gaban Malam Buba, ba ya haɗa ido da shi, in ya hango shi a layi sai ya karya kan keke ya bi wani layin, fasinja na mita. Shi ma dattijon ko sunan Sale ba ya kamawa. Na kira wayar Sale, a kashe, ya ɗauki wasu mata zuwa Shadawanka. Na koma wurin dattijon na ce, "Malam, duba-garin nan fa na gida ne." Ya ce, "Duk unguwar nan na gida ne."

Bayan la'asar zaure ya cika, kwamiti a sahun gaba. Na ja labule. Malam Buba ya fito da kwandon shara ta gaske, wadda muka kwaso a bayan zaure, ledoji da ɓawon rake da gwangwanaye, ya sheƙa ta a kwatar da muka yi da katako, yana ƙunƙuni. Mutane suka fara dariya. Daidai nan Sale ya faɗo ta ƙofar baya, ya zura kakin duba-gari a gurguje, ya wuce ni kafin in buɗe baki. Ya hau dandamali ya cika ƙirji da iska.

"Wane marar…"

Nan maganar ta tsaya. Duba-gari ya dubi mai laifi, ya sunkuya ya kwance takalmansa, ya ajiye su gefe, ya tsuguna.

"Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya?"

Rabin zauren sun san dangantakar, suka gaya wa ɗaya rabin. Dariya ta ɓarke har da masu faɗowa daga benci. Wata mata daga bariki ta ɗaga murya, "Wannan duba-gari shi na jin tsoro ne?" Ni kuwa ina riƙe da igiyar labule ina ganin safiyar Talata ƙiri-ƙiri.

Malam Buba ya ɗan daskare. Amma tsohon hannu ne, sai ya juya fuskarsa ga bango ya ci gaba da wasa. "Kai wane ne? Na zuba! Ƙofar gidana ce. Me za ka yi?"

A nan ya kamata Sale ya ci kwalarsa. Na raɗa masa maganarsa daga bayan labule, ya yi kamar bai ji ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Sai ya janyo kwandon, ya sa hannu cikin kwata ya fara tsince sharar. Yana tsincewa yana rarrafe, da kakinsa da komai, har ya iso dab da ƙafafun dattijon.

Dariyar ta ragu, ta ragu, ta ɗauke. Na ga leɓen Malam Buba yana motsi, yana da sauran zagi a cikin wasan, amma ya kasa fitarwa. Mijin 'yarsa ne durƙushe a gabansa yana kwashe ƙazantar da ya zubar, duk unguwa na kallo. Kunyar da ta kama Sale ita ta juyo kan dattijon. Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya sa hannu shi ma. Suka kwashe tas, ba wanda ya dubi wani. Da na ga ba sauran shara, na rufe labule.

Bayan an watse Alhaji Ɗanlami ya same ni ina tara kujeru.

"Wa ya rubuta ƙarshen nan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Ya kaɗa makullin motarsa. "Ban taɓa jin unguwar nan ta yi shiru haka ba, ko a wurin gawa. Ku riƙe Asabar ɗinku."

Sale ya riga ya sulale da kekensa. Malam Buba ne ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula. "Ka gaya wa wancan bai iya wasa ba," ya ce. "Duba-gari ba ya tsugunawa." Ya yi taku biyu ya dawo, ya rage murya. "Ka kuma duba hannunsa. Akwai gwangwani mai kaifi a ciki, na ga ya taɓa."

Abin da na koya ke nan a aikin nan. A zauren unguwa kaki ba ya ɓoye kowa. Wanda ya hau dandamali da dangantakarsa yake hawa, masu kallo kuma sun san ta sarai, gobe ma tare za su tsaya sahu a masallaci. Don haka in za ku raba wasa, kafin ku tambayi wa ke da murya, ku tambayi wa ke auren 'yar wa.