Baba Wibe, Baturen da ke sauraron ƙirji

Duk Juma'a da sanyin safiya, a wani filin ƙasa da ke bayan katangar maƙabartar Al-Oud a Riyadh, za ka ga wani dogon dattijon Bature yana tsince duwatsu, buhun ƙwallo a kafaɗarsa. Sunansa Wiebe Dijkhuis, mutumin ƙasar Holan, mu kuwa Baba Wibe muke ce masa. Idan 'yan wasa sun taru, birkiloli da direbobi da masu gadi, 'yan Kano da Maraɗi da Damagaram, sai ya jera su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafinsa a ƙirjin kowa, ya rufe ido. Sai ya wuce kan na gaba. Sababbin zuwa tsigar jikinsu kan tashi, har wani ya taɓa raɗa mini cewa anya Baturen nan ba maye ba ne.

Da bakinsa ya ba ni labarin dalili. Yana saurayi ɗan wasan baya ne a wani ƙaramin kulob na ƙwallon ƙafa a arewacin ƙasarsu. Ran nan ana tsakiyar wasa zuciyarsa ta tsaya, ya faɗi. Da ƙyar likitoci suka dawo da shi, wasansa kuma ya ƙare daga ranar. Na tambaye shi abin da ya gani a can.

"Ban ga komai ba," in ji shi cikin Hausarsa mai tuntuɓe. "Shiru na ji. Har yau ina gane shirun nan idan ya matso kusa da mutum."

Ya koma horar da yara a ƙasarsu. A 2011 wani kulob na Riyadh ya ɗauko shi ya riƙe matasansa, bayan nan ya zama malamin wasanni a wata makaranta a unguwar ofisoshin jakadanci. Direbansa Dawuda ne ya kawo shi filinmu. Ya zo kallo, sai ya zama namu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a 2014, ranar da za mu kara da 'yan Sudan. Baba ya iso kan Oumarou, birkila ɗan Damagaram, wanda babu mai gudunsa a cikinmu. Yana taɓa ƙirjinsa sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Ɗana, yau ba za ka buga ba. Asibiti za mu."

"Haba Baba, lafiyata ƙalau! In aka ce ina da ciwo, kafilina, wanda ya kawo ni aiki ƙasar nan, gida zai mayar da ni. Wa zai riƙe matata Balkissa da yara?"

"Na roƙe ka."

"Khalas, Baba, magana ta ƙare. Sai na buga."

Baba ya juya. Ya je mota ya ɗauko ƙaramar na'urar farfaɗo da zuciya da ya daɗe yana yawo da ita, ya tsaya a bakin fili, idonsa a kan mutum ɗaya.

Ana cikin wasa aka biyo da makara ta gefen katanga, 'yan kallo suka yi tsit. Basiru, golanmu, yana rantsuwa har gobe cewa Baba ya fara gudu tun Oumarou yana kan ƙafafunsa. Babu wanda ya taɓa Oumarou, sai ya kife. Baba ya yage masa riga, ya shiga danna ƙirjinsa, ya jona na'urar. Mu dai salati muke yi. Can sai Oumarou ya ja wani dogon numfashi.

Da muka je duba shi a asibiti, ya riƙe hannun Baba.

"Na gan ka a can, Baba. Amma kana saurayi, gashinka ruwan ɗorawa, da koriyar riga mai farin layi a ƙirji. Kai ka ce in koma."

Baba ya nemi kujera ya zauna. Daga baya ya faɗa mini cewa rigar kulob ɗinsa ke nan ta ranar da ya faɗi, kuma babu wanda ya taɓa nuna wa hotonta a cikinmu. Ni ban san fassarar wannan ba, Allah ne masani.

Yadda Oumarou ya ji tsoro haka aka yi, an mayar da shi gida. Amma da ƙafarsa ya hau jirgi, yana nan Damagaram yana sayar da kayan gini.

Baba Wibe, kai ne baƙon da ya san sunayenmu a garin da ake kiran mu da "kai, zo nan". Kai ne ka koya wa kowannenmu yadda ake danna ƙirjin wanda ya faɗi, har Dawuda ya ceto wani ɗan Bangaladesh a wurin gini. Yanzu da ƙarshen 2018 ya zo, tsufa zai mayar da kai gida, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu karatu, ku nemi wanda zai koya muku wannan aiki. Baba zai tafi, kuma ranar da wani zai sake faɗuwa a fili, hannun da ya fi kusa da shi wataƙila naka ne.