Hannun Daman Ba Madu

Da hantsi Ba Madu kan buɗe shagonsa a unguwar Gwange, ya ɗaura tsumma a ƙugu, ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya hau sassaƙa hoto a kan katako. Ya shafa tawada, ya shimfiɗa takarda, ya murɗa injin matsi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma bana ya ce ido ya gaji.

A Injamena ya koyi sana'ar, wurin wani tsoho mai tarin zanen barkwanci na Faransawan zamanin da, waɗanda ke kumbura wa masu mulki tumbi don talaka ya yi dariya. Doka ɗaya ya zo da ita: ba ya rubuta suna a ƙarƙashin zane.

Ya Fanna mai busasshen kifi, maƙwabciyarsa, ita ta ga abin da ya faru. Famfon unguwa ya shekara a mace, sai Ba Madu ya zana wani mai tumbi da karkatacciyar hula zaune daram a kan famfon, mata na layi da jarkoki. Kwana biyu sai ga yaran wani ɗan siyasa, su huɗu. Suka danna hannunsa na dama cikin injin, babbansu ya kama mariƙin ya fara murɗawa.

"Baba, kai ka zagi maigidanmu?"

Wallahi, in ji Ya Fanna, murɗa ɗaya ta rage hannun ya murƙushe.

"Ɗana, nuna min sunansa a takardar."

"Sai an rubuta? Ga tumbin, ga hular!"

"To, madalla. Ni ban faɗa ba. Ku koma ku gaya masa ku kuka gane shi, a gaban matan nan."

Mata kuwa sun cika ƙofa da jarkokinsu. Yaron ya dubi zanen, ya dube su, ya saki mariƙin.

Ba Madu, lallai ka ji tsoro, gumi ya jiƙa maka riga, amma ba ka ce a yi haƙuri ba. Yatsunka biyu ba su ƙara miƙewa ba, kuma da su ka sassaƙa zane na gaba a wannan makon.

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Matasa masu zane a waya, ku je Gwange tun yana nan. In ya miƙo muku hannun nan, ku karɓa da hannu biyu, kuma ku riƙe a hankali.