Kunyar Ɗan Fari Ta Kwantar da Ni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun daminar bara ban sake rubuta komai a nan ba. Masu jiran ɗinki, da masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane, ku yi haƙuri. Ba kuɗi na yi ba, ciwo na yi.

Wasunku sun san ɗana na fari ya rasu. Zazzaɓi ne, yana gab da shiga kolej.

A garin Sarkin Hausa aka haife ni, aure ya kawo ni Tasawa. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. "Kai yaro" nake ce masa. Ranar da ya rasu ma kunyar ba ta sake ni ba. Mata na kuka, ni ina miƙa wa baƙi ruwa. Har yabona aka yi, wai ga mai tawakkali.

Bayan an watse ciwo ya fara. Ƙirjina kamar an ɗora turmi. Barci ya ƙaura, abinci ya fita raina. In na hau keken ɗinki sai in tarar na yi zugum, ƙafa a kan feda, ban san tun yaushe ba.

Mun je lopital, wato asibiti. An auna tansiyo ko hawan jini ne, an ɗebi jini, an tura mu Maradi hoton ƙirji. Komai lafiya lau. Ordonas kan ordonas, takardun sayen magani, har tunkiyata ta tafi kasuwa. Wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka ba ni saiwoyi. Duk na sha, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Abin da ya fi tsorata ni ƴata ce, Nana, mai shekara shida. Na daina yi mata kitso, na daina duba ko ta ci. Wata rana maƙwabciyata ta tsinto ta a bakin babban titi, ni ban ma san ta fita ba. Surukata ta zo daga Bawdeta, ta dube ni ta ce wa mijina: "Wagga ba ta iya riƙon kanta, balle ɗiya. In anka gama girbi ina tahiya da Nana."

Ba mugunta ba ce, gaskiya ta faɗa. Amma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ɗaya Allah ya karɓa, ɗaya kuma ciwona zai raba ni da ita.

Wani likita ne ya ture takarduna gefe ya ce: "Madam, jikinki lahiya lau. Mi ya hwaru gidanku?" Malam, wato mijina, ya ba shi labari. Sai ya tura mu wurin wata pisikolog a Maradi, likitar da aikinta sauraron damuwa. A mota na ce wa Malam, shi ke nan, an sa ni layin mahaukata.

Ɗakinta ba allura, ba gado. Tabarma ce, da takardu, da roba cike da yumɓu. Da fari ta koya mini jan numfashi a hankali, ta ce in riƙa tattaki da safe, kada in bar addu'a. Likita ya ƙara da ƙwayar barci ta ɗan lokaci. Daga baya ta ce mu zo mu uku, ni da Malam da Nana.

Ta ce kowa ya gina mutanen gidansu da yumɓu. Malam ya ce: "Ni da hurhurata in yi wasan laka?" Ta ce: "Baba, ƙohwa ruhe take." Ya naɗe hannun riga.

Ni uku na gina. Nana ta gina huɗu, ta ajiye ɗaya can nesa da uwar.

Madam pisikolog ta ce: "Wane ne wanga?"

"Yayana ne."

"Don mi yake nesa?"

"Inna ba ta son shi. Ba ta hwaɗin sunanshi, kuma da ya mutu ba ta yi kuka ba. Ni ma in na mutu ba ta yi."

Wallahi ban taɓa jin zafin magana kamar wannan ba.

Madam ba ta zagi al'adarmu ba. Ta turo mini yumɓu ta ce: "Nan ba suruki, ba baƙo. Gina shi." Na gina, har da kunnuwansa manya irin na ubansa. Ta ce: "Mi ne sunanshi?"

Da ƙyar na ce: Lawali.

Kukan da ban yi ba ranar jana'iza, a nan na yi shi. Malam ma ya yi. Nana ta hau cinyata da hannunta duk laka.

Ba ranar na warke ba. Mun yi ta komawa, wani makon in ji sauƙi, wani makon ciwon ya dawo. A gida ni da Nana muna zana Lawali, muna tuna tsokanarsa. A hankali barci ya dawo, na koma kan keke.

Bayan girbi surukata ta zo. Ta tarar ina yi wa Nana kitso, tukunya na kan wuta. Ta kwana biyu, ta koma ita kaɗai.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Malam, da maƙwabciyata, da likitan da ya yi tambaya, da Madam. Allah ya saka musu da alheri.

Ƴan uwa, in an auna ku ba a ga komai ba kuma ciwo na nan, ku gaya wa likita abin da ya faru a gida. Ganin pisikolog ba hauka ba ne. In an yi rasuwa ku tambayi yara abin da suke tunani, shirunsu ba mantuwa ba ce.

Ban ce a yar da kunya ba, har yau ba na faɗin sunan a gaban surukata. Amma wadda ɗan farinta ke raye, ta ja shi ɗaki ta kira sunansa yana ji. Nawa bai taɓa ji daga bakina ba.