Mai Gadin Shinkafa

Ko zan manta komai na zaman sakandare, abin da aka yi wa wata yarinya a garin Mutum Biyu ba zai taɓa fita raina ba.

Lokacin ina aji biyar a wata makaranta a Jalingo, ina cikin kulob ɗin masu haɗa robot. Ran Asabar mukan shiga bas mu tafi Mutum Biyu mu koya wa 'yan firamare haɗa waya da batir. A cikinsu akwai wata 'yar aji shida mai kaifin kai, kafin in gama bayani ta kunna fitilarta tana min dariya. Adda take kirana. Kwatsam sai ta daina zuwa wurinmu, makarantar ma ta daina zuwa, ga jarrabawar shiga sakandare ta matso.

Na bi ta har fadama. Shinkafar rani ta fitar da kai, tsuntsaye sun sauko, ita aka tsayar tana jan igiyar gwangwanaye don korar su tun fitowar rana har faɗuwarta. Babanta ba mugu ba ne, mai tsaron gonar ne ba shi da shi.

Muka haɗa na'ura da tsohon injin gilashin mota da faifan sola, tana jan igiyar da kanta. Yarinyar ce ta ɗaure wayoyin. Baban ya tsaya yana kallo har tsuntsaye suka watse, sannan ya ce da irin Hausarsa, "To, in wannan abu zai yi gadi, yarinya ya koma makaranta." Ta kuwa koma.

Ba a jima ba shugaban makarantarmu ya ce za a yi babban baƙo ranar rabon kyaututtuka, a ɗauko na'urar a nuna masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a yanke shinkafar ba, a bari su girbe mana." Ya harare ni ya ce, "Ke, kayan makaranta ne ko na gidanku?" Direba aka aika ya kwance ta da hantsi, yarinyar tana aji, baban yana kasuwa. Ko sallama ba a yi wa mai gonar ba.

Ranar biki aka yi wa na'urar fenti aka ɗora ta kan tebur, tana kaɗa gwangwanaye ana tafi. Shugaba ya riƙe makirfo yana cewa mun share wa manoma hawaye. Ina tsaye a gefe, takaici kamar ya kashe ni.

Da Asabar ta zagayo na je. Gonar tana tsaye kamar lafiya, amma da na murza kan shinkafar sai ƙaiƙayi, tsuntsaye sun gama da ita. Baban bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "'Yata, da ba ku zo ba, da shinkafa yana nan."

Ba ta rubuta jarrabawar ba. Abinci ya gaza a gidan, aka kawo ta aikatau Jalingo. Na taɓa ganinta a unguwar Sarkin Dawaki da bokitin ruwa a ka, na kira ta. Ta ce, "Ina wuni, Adda," ta sunkuyar da kai ta wuce.

Har yau ban yafe wa shugaban nan ba. Abin da na koya shi ne, in ka sa mutum ya saki dabararsa ya jingina da kai, ba ka da ikon matsawa sai ya tsaya da ƙafarsa. In ba za ka iya ba, bar shi yadda ka same shi.