Bafulatanin da Ya Ƙi Mutuwa Ranar Asabar

Ni Babarbariya ce, Bello kuwa Bafulatani, don haka kada wani ya karanta wannan ya ce na ci mutuncin ɗan mutane. Tun kaka da kakanni wasa ke tsakaninmu. In na ce bawana ne, ya ce ni ce baiwarsa, a tashi ba wanda ya kai wani ƙara.

Na zo Greensboro, can ƙasar Turawa, a 1979, zan yi wa 'yata Kubura wankan jego na wata uku. Wata ukun nan ne har yau ba su cika ba. Muna zaune a gidajen haya na titin High Point, ƙofarmu na kallon ta su Bello. Matarsa Rakiya ce gwamnati ta turo karatun digiri na biyu, shi kuwa ya biyo ta kamar jela. Dogo ne siriri, in ya tsaya gefe sai ka ce an jingine sanda. Ya tashi yana kiwo a wajen Misau, daga baya ya koyi gyaran jikin mota a Jos, irin masu buga wa mota guduma har lotsawa ta fita. Aikin da ya samu ke nan a wani gareji a ƙarshen titinmu.

Hausawan garin a lokacin ba mu fi cikin falo biyu ba, kuma kusan kowa malamin jami'a ne ko mai shirin zama. In an taru suna ko Sallah, maza su baje suna zancen digiri, Bello na bayan gida yana fama da rago. Ba wanda ke kiransa da sunansa. Har Alhaji Sanusi, babbanmu, mutumin kirki, sai ka ji ya ce, "Ina mijin Rakiya? A ba shi wuƙa." Shekara biyu yana amsa wannan suna bai ce uffan ba. Fulani da haɗiye abu, ai sai dai tulu.

Ana nan wata rana wani Bature mai suna Wendal, likitan haƙori daga unguwar masu hali ta Irving Park, ya kawo motarsa gyara. Da aka buɗe bayan motar sai ga wani abu kamar tukunyar da jaki ya taka. Wai kwalkwali ne, an yanko shi daga tsohuwar tukunyar gas. Bello ya juya shi, ya ji haushin aikin, ya ɗauki guduma. Kafin Wendal ya gama shan kofi an fid da lotsawar, an goge, yana ganin fuskarsa a jiki. Nan take ya riƙe hannun Bello ya ce lalle ya zo Summerfield ranar Asabar.

Ga abin da ake yi a Summerfield. A wata gonar dawaki, manyan mutane masu gemu da iyali, akwai lauya, akwai malamin makaranta, sukan sa sulke da kwalkwali irin na kakanninsu na shekara ɗari bakwai, su riƙe garkuwar falanki da sandar gora da aka naɗe da salatif wai takobi, su yi ta jibgar juna. Ba a biyansu, ba kuma gaba suke ba. Ƙoshi ne kawai. Da Bello ya ba ni labari na ce, "A garinmu mai irin wannan turu ake sa shi."

Sai ga shi Asabar ta zagayo ya koma. Ya sami kututturen itace ya fafe shi kamar turmi, a ciki yake dukan ƙarfen tsofaffin motoci har ya lanƙwashe ya zama ƙoƙon kai. Ya bi gidajen wanki yana roƙon wayar rataye kaya, ya naɗe ta a jikin rodi, ya yanka zobe-zobe, ya saƙa sulke da filaya biyu. Riga ɗaya ta ci masa wata huɗu. Ni kuma da na ga ƙarfe zai ci masa fata, na tattara tsofaffin barguna na ɗinka masa lifidi na sawa a ciki. Ba don Allah na yi ba, don in sami hanyar zuwa kallo ne. Daga nan na zama mai ɗinkin lifidin 'yan wasan gaba ɗaya, ana ajiye mini kujera a inuwa.

Can ba wanda ya san wata Rakiya. Daga ya sauko daga mota sai ka ji "Belo! Belo!" ta ko'ina, wannan na nuna masa hular da ta tsage, wancan na son a gwada masa ƙarfen gwiwa. Na ga yaron nan yana tafiya kafaɗa a buɗe. Ashe yana da kafaɗa.

Matsala ta fara ranar da ya sa kayan da kansa ya shiga fili.

Dokar wasan ɗaya ce, kuma duk a kanta aka gina shi. Tun da sanda ba ta yanka, wanda aka doka shi ne alƙalin kansa. In dukan ya zauna maka a kai ko a ƙirji yadda da takobi ne da ka tafi, sai ka ɗaga murya ka ce "Ya yi!" ka zube ƙasa, ka mutu. An jima ka tashi ka sha ruwa. Mutuncin mutum a wurinsu shi ne ya mutu da gaskiya.

To ku dubi wanda aka kawo wa wannan doka. Mutumin da ya yi sharo sau uku yana saurayi. Wanda bai sani ba, a sharo saurayi kan tsaya tsakiyar fage ba riga, ya ɗaga hannu, ya riƙe madubi, ɗan'uwansa ya zabga masa tsumagiya har fata ta fashe, shi kuwa yana kallon fuskarsa yana murmushi, 'yan mata na kallo. In ya motsa ko ya yamutsa fuska, ya ja wa danginsa abin faɗa har jikoki. Tabon na nan a haƙarƙarin Bello, layi uku, kamar an yi shuka.

Aka buga masa sanda a kwalkwali, ƙau! Har dawaki suka ɗaga kai. Bello na tsaye. Aka ƙara. Yana tsaye. Abokin karawar ya tsaya yana jiran gawa ta faɗi, gawa ta ɗaga sanda ta rafke shi.

Asabar shida Bello bai mutu ba. Da farko dariya suke, suna cewa bai gane ba ne. Wendal ya zauna ya yi masa bayani da hannu da ƙafa, har ya kwanta a ciyawa ya nuna masa yadda ake yi. Bello ya ce ya gane sarai. Aka koma fili, aka doke shi, ya tsaya. Daga nan fuskoki suka canja. Mutane suka fara ƙin shiga da shi. In ya nufo, sai kowa ya tuna igiyar takalminsa ta kwance.

Na ce bari in taimaka. Na farke lifidinsa a ɓoye na zare rabin bargon, don dukan ya isa inda ake so. Wannan ita ce dabarar da na fi jin kunyarta. Ashe wuta na ƙara wa mai. Da ya ji zafi sosai sai ya ƙara miƙewa, ya dawo gida kafaɗa ta yi shuɗi yana fito.

Ƙarshe dai manyansu suka yi shawara, suka aiko Wendal. Ya same mu a bayan gareji ranar Laraba, yana ta murza hularsa. Ya ce kowa na son Bello, ba su taɓa samun maƙeri kamarsa ba, amma wanda ba ya amsa duka ba ya wasa da su. Asabar mai zuwa akwai babban taro, za a zo daga garuruwa. In aka doke shi bai faɗi ba, kada ya sake zuwa, ko da guduma ko ba guduma.

Da ya tafi na ce, "To, bawana, sai ka koma yankan rago."

"Inna, ki bar ni."

"Faɗuwa ce fa kawai. Yara ma suna yi. Ɗan Kubura sau goma yake yi kafin azahar."

"Ke Babarbariya me kika sani? Ku da ko sauro ya cije ku sai an tara dangi." Ya ajiye guduma. "Ni ba cuta nake ba, wallahi. Na san dukan ya yi. Amma in na faɗi, ai cewa za su yi zafi ne ya kayar da ni."

"To ka gaya musu ba zafi."

"Ana faɗa da baki? Ai gani ake yi. Ke ba ki ga ina murmushi ba duk lokacin da suka buga?"

Na dube shi. Na dubi kwalkwalin da ke kan kututture, rufaffe ruf, sai 'yar tsaga ta ido kamar bakin asusu.

"Bello," na ce, "murmushi kake yi a cikin wannan tukunyar?"

"Kullum."

"Wa ya gani?"

Ya juya ya dubi kwalkwalin. Wata shida yana ƙera abin da ke ɓoye fuska, mako shida yana yi wa ƙarfe murmushi, bai taɓa haɗa biyun ba. Da aka rufe masa fuska, ba abin da ya rage masa na nuna jarumta sai ƙafafu, shi ya sa ya kafe su. Na yi dariya har sai da na zauna a kan taya. Fulani dai a ba su saniya kawai.

Ban ce masa komai ba game da abin da na shirya. Na ɗauke madubin hodar Kubura, na ɗaure shi da zare a cikin garkuwarsa, na mayar da bargon da na sata. Sannan na bi gida-gida. Na ce wa Alhaji Sanusi ranar Asabar za a kashe mijin Rakiya a Summerfield, ya kamata a sami jama'a. Rakiya kuwa, wadda ba ta taɓa zuwa ba don kunyar a ce mijinta na wasan yara, na ce mata in ba ta zo ba zan gaya wa matan gari ba ta iya tuwo ba. Ta san zan iya.

Mota uku muka yi. Da Bello ya hango manyan riguna da gyale suna fitowa, ya zo wurina, muryarsa na fitowa daga cikin ƙarfe kamar mai magana a rijiya.

"Inna, me na yi miki? A gaban matata?"

"Sharo ba 'yan kallo ai dukan banza ne. Duba cikin garkuwarka."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

Wendal aka haɗa shi da shi, don shi kaɗai ya yarda. Suka zaga juna, garkuwa na karo da garkuwa. Bello ya kai masa biyu ya tare. Can Wendal ya yi kamar zai bugi ƙafa, ya juyo da sanda ta sama, ƙau, a gefen kai. Duka ne mai kyau, ko ni na ji shi a haƙorina.

Fili ya yi tsit. Bello na tsaye. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wendal ya sauke sandarsa, kansa a sunkuye. Na ji Rakiya ta kama mini gyale.

Sai muka ji daga cikin rijiya: "Ya yi!"

Ya tafi da baya a miƙe, bai lanƙwasa gwiwa ba, kamar an sare giginya. Ƙarfe ya yi ƙara kamar an watsar da kwanukan amarya. Yana kwance ya zare kwalkwali, ya ciro madubi ya ɗaga sama, ya dubi fuskarsa, ya gyara gashin baki da ɗan yatsa. Haƙoran nan talatin da biyu duk a waje. Ya juya madubin hagu, ya juya dama, yadda kowa zai shaida.

Na saki guɗa. Ban yi irinta ba tun bikin Kubura. Dawakin gonar suka zabura suka yi ƙarshen shinge, wata Baturiya ta zubar da lemonta. Turawa ba su san me madubin ke nufi ba, amma sun san mutuwa mai kyau in sun gan ta, suka hau buga garkuwa da sanduna. Wendal ya durƙusa ya ɗago shi, kuma da yake likitan haƙori ne, sai da ya tsaya ya yaba.

Alhaji Sanusi ya gyara hula ya ce, "Ikon Allah. Wai duk shi ya ƙera waɗannan? Kai, Malam Bello!" Rakiya kuwa ta je ta karɓi kwalkwalin daga hannunsa ta riƙe masa, tana kakkaɓe ciyawar da ta maƙale.

Ya yi shekara tara yana wasan nan kafin su koma gida, ya mutu ya fi sau ɗari, ba wanda ya kai shi iyawa. Amma tun daga ranar bai sake ƙera rufaffen kwalkwali ba. Duk wanda ya fito daga kututturensa buɗaɗɗen gaba ne, da sandunan ƙarfe a jere kamar tagar kanti, ana ganin fuskar mutum tun daga nesa. Ya gaya wa Turawa wai don iska ne.

A mota muna komowa ran nan na ce, "To, yau dai Bafulatani ya faɗi a gaban Babarbariya."

Ya ce, "Santsi ne, Inna. Ciyawar da raɓa."

Wai raɓa, da la'asar, a watan Yuli. Madubin Kubura kuwa har yau bai dawo da shi ba.