Sunan da Baba bai iya faɗa ba

Bana shekara arba'in ke nan da muka binne Baba a bayan barikin Gure. An ce in rubuta wani abu a kansa. Na zauna na jira baƙin ciki ya zo, bai zo ba, don haka zan faɗi abin da na tuna kawai.

Ni ce ƴarsa ta fari. Kowa ya san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane. Har na isa aure, "ke" nake a bakinsa, ko "yarinyar nan". Ƙannena kuwa sunansu ras! Ban taɓa cewa komai ba, amma wallahi abin yana cina.

Baba ya karɓi addinin Kirista ne a wajen aikin soja, ya dawo ya zama kukun kwamandan bariki. Kiristocin garin a lokacin ba su cika tabarma ɗaya ba. Ran Lahadi da la'asar sukan taru a zaurenmu, Malam Bulus, ma'aikacin asibiti mutumin Dahome, yana karanta Littafi Mai Tsarki, suna tattaunawa. Damina guda suka yi kan magana ɗaya: yaya Allah zai ɗauki jiki irin namu, ya sha nono, ya ji yunwa, kuma yana nan Allah? Wannan bai dami Baba ba. Ya ce wanda ya halicci jiki ai ba zai rasa hanyar shigarsa ba.

Inda ya cije shi ne ranar da aka karanta cewa a bakin kogi, gaban taro, Allah Uba ya nuna Ɗansa ya ce yana ƙaunarsa.

"Ɗan fari?" in ji Baba. "Gaban jama'a? Haba Malam, ina kunya?"

Malam Bulus ya ce, "To, ko kunyar ce ya sauko ya ajiye?"

Aka yi dariya, ban da Baba. Makonni yana dawo da zancen. Wani lokaci sai in ga ya dube ni ya buɗe baki, sai ya ce a kawo ruwa.

Yau jikokinsa suna goya ƴaƴansu na fari a kafaɗa har kasuwa, suna kiran suna da ƙarfi. Ban san ko zai ce sun lalace ba, ko zai yi musu hassada.

Da kakar da ta biyo bayan waccan daminar, zazzaɓi ya kwantar da shi. Wata safiya ina ba shi kunu, sai na ji an ce, "Saratu." Na waiwaya ƙofa in ga wa ya shigo. Babu kowa. Ban san sunana da muryarsa ba.

Na ce, "Na'am, Baba." Bai ce a kawo komai ba. Kafin azahar ya cika.

Zauren ya rushe, masu karatun duk sun bi shi. Abin da ya rage mini kira ɗaya ne, kuma har yau ban san me zan yi da shi ba.