Shekarar da Muryar Umma Ta Yi Yaji

Wata Laraba ce cikin bazarar 2012, la'asar ta yi sakaliya amma simintin rufin benenmu na unguwar Dira a Riyad yana nan yana ƙona tafin ƙafa. Ina aji biyar na firamare a lokacin. Umma ta tara 'yan amshinta a inuwar tankin ruwa suna gwajin waƙoƙin bikin da za su yi washegari, ni kuma ina kwashe shanya. Ta ɗauko waƙar nan mai sanyi da takan rera idan za a shigo da amarya, ta ja ta sama kamar yadda ta saba, sai muryar ta tsinke a tsakiya. Ta yi gyaran murya, ta kurɓi ruwan ɗumi, ta sake ɗaukowa. Abin da ya fito bai fi kukan tsohuwar ƙofa ba. Masu ganga suka dakata, kowa ya sunkuyar da kai. Umma ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya, cikin raɗa ta ce, "To, yau kuma mutuniyar tawa ta yi yaji."

Duk matar da ke zuwa biki a Riyad a shekarun nan ta san Ummu Nawal, sunan da ake kiran mahaifiyata da shi ke nan saboda ni Nawal ni ce 'yar fari. Daga Kano ta biyo Abba, wanda ke tuƙa motar wani kamfanin gine-gine a Dir'iyya da ke gefen Riyad, kuma tun ina goye ta fara waƙa a zaurukan biki na mata zalla. Salonta daban yake. Tana da tsofaffin kaset-kaset na baƙaƙen mawaƙan Amurka da yayanta ya bar mata, daga can ta koyi jan murya tun daga ƙirji har sai uwar amarya ta share hawaye. Idan ta ga zaure ya yi laushi sai ta juya kiɗan, ta zuba taken kalangu a kan gangunan Larabawa, ka ga tsofaffi sun ajiye kofin gahawa sun miƙe. Mu yaran benen, Hausawa da 'yan Sudan da 'yan Yaman, wasanmu ke nan a kan matakala: mu kifa bokiti, wata ta yafa labule ta zama amarya, a yi ta faɗa a kan wadda za ta zama Ummu Nawal. Ko gurasar tamis da wake aka aike ni saye a bagala, wato kantin bakin layi, da rawa nake sauka.

Anti Bilki, wata nas 'yar Zariya da ke hawa na biyu, ita ta matsa har Umma ta ga likita. Aka ce wasu 'yan ƙurarraji ne suka fito a maƙogwaron saboda yawan aiki, aka yi mata tiyata, aka hana ta magana na wasu makonni. Gidanmu da ba a taɓa jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ba saboda hayaniyarta ya yi tsit. Amma Umma ba ta iya zama haka nan. Da gira da kafaɗa take aike na. In tana son in tsince shinkafar kabsa, dafa-dukan Larabawa, sai ta zama shinkafar, ta zama tsakuwar, ta zama Abba ya tauna tsakuwa ya dafe kunci. Kafin a jima yaran bene sun daina wasan matakala, sun koma cika falonmu bayan makaranta, tana kwaikwayon mai bagala yana jayayya da kwastoma, da mai gidan haya yana hawa bene yana haki, mu kuma muna canka ko wane ne.

Da aka ba ta izinin magana, muryar ta dawo, sai dai ba wadda ta tafi ba ce. Ta yi kauri, ta dishe, ba ta hawa sama. Sau ɗaya na ga abin ya taɓa ta, ranar da ta naɗe gangunanta a bargo ta miƙa wa babbar 'yar amshinta. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa bayan matar ta sauka, sannan ta juyo ta ce mini, "Nawal, ɗora ruwan tuwo. Maƙogwaro aka yanka, ba ni aka yanka ba."

A ƙarshen zangon karatu aka kira taron iyaye mata a makarantarmu. Malamar Larabcinmu, Abla Munira, ta gane ta nan take, ashe Umma ce ta yi waƙa a bikin ƙanwarta. Ta roƙe ta ta rera ko baiti ɗaya ne. Maimakon ta ba da haƙuri, sai Umma ta nuna mata yadda aka yi: ta zama likitan da gilashinsa a kan karan hanci, ta zama Anti Bilki tana fassara Turancin likita, ta zama ita kanta da baki a buɗe tana ƙoƙarin yin gardama. Ina leƙe ta taga, na ga shugabar makaranta, wadda ko murmushinta ba mu taɓa gani ba, ta kifa kai a tebur tana dariya. Abla Munira na cikin matan da ke shirya wasan kwaikwayo na mata zalla a hutun ƙaramar Sallah. Kafin mu bar makarantar ta ce Umma ta zo gwaji.

Abba ne ya kai mu unguwar Badi'a, inda suke haɗuwa a gidan wata daga cikinsu, ya zauna a mota yana sauraron rediyo. Aka miƙo wa Umma rawar da za ta taka: 'yar aikin gida, mai shigowa da tire ta yi Larabci a karkace a yi dariya. Ni na karanta mata, don na fi ta iya karatun Larabci. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara zaman mayafinta, ta ce cikin Larabcinta na Riyad wanda babu karkata a cikinsa, "Ya Abla, shekara da shekaru ina tayar da zaure tsaye. Ba zan hau dandamali don a yi wa harshena dariya ba. In akwai mace mai magana a wasan nan, a ba ni ita." Ni kuwa na ɗauka shi ke nan an rasa. Abla Munira ta daɗe tana juya takardun, sannan ta ce akwai mai dalilin aure, tsohuwa mai shiga gida-gida tana haɗa aure, amma ita ce ginshiƙin wasan, maganarta ta fi ta kowa yawa. Umma ta ce, "Ita nake nufi."

Azumin shekarar a hadda muka yi shi. Da hantsi, kafin a shiga kicin, ina karanto mata layi tana maimaitawa, tana yi tana murza kuka da kuɓewar da 'yan Umara suka kawo mana daga gida. Ni ina gyara mata Larabcin littafi, ita kuma tana gyara mini Hausa, don a lokacin sai in ce "na yi fahimta" ta kama baki. A wannan watan ne harshen iyayena ya zauna a bakina sosai.

Ranar wasan zauren ya cika da mata da yara, an cire abayoyi, ko'ina ƙamshin turaren wuta. Umma ta fito da sanda da ƙatuwar jaka, ta tsaya, ta ƙare wa 'yan kallo kallo kamar mai zaɓen suruka a cikinsu. Tun daga wannan kallon aka fara dariya. Da ta buɗe baki, muryar nan mai kaushi ta cika wurin har kujerar ƙarshe, kamar don wannan tsohuwar aka yi ta. A tsakiyar wasan wata dattijuwa ta miƙe daga baya ta ɗaga murya, "Wallahi Ummu Nawal ce!" Umma ba ta fita daga rawarta ba, ta nuna ta da sanda ta ce, "Zauna, ya hajja, naki ɗan ma yana cikin jakata." Tun daga wannan Sallar, duk shekara sai an neme ta. Ta yi kaka, ta yi shugabar makaranta, ta yi attajira mai rowa, ba ta taɓa ɗaukar tire ba.

Bayan wasu shekaru zaman iyali a kan iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ya yi wa Abba nauyi, muka tattara muka koma Kano. Ni na dawo Riyad daga baya da kwantiragin aikin jinya. Yanzu Riyad cike take da manyan dandamali, maza da mata suna zama wuri guda, hotunan 'yan wasa na haskawa a gefen titi. Umma ta tafi daidai lokacin da ake buɗe ƙofofin. Tana can tana koya wa 'yan matan unguwa wasan kwaikwayo a tsakar gida, in na kira ta sai ta ce in bari su gama fita ta uku. Wani lokaci nakan sayi tikiti in zauna ni kaɗai, in ga wata ta fito ta yi abinta da kyau, in tafa mata da zuciya ɗaya. Amma har yau ina auna kowace da mace guda.